Kitson Asibiti

In ka shiga Kamazou ka bar kwalta, ka gangara layin masu injin niƙa, za ka tarar da wani ɗan shago mai shuɗin fenti. A bangonsa an zana kawunan mata, kowane da sunan kitsonsa a ƙasa: shuku, zane, kalaba da sauransu. Mai fentin bai iya zana ido ba, don haka duk matan harara suke yi. Na ƙarshe ba shi da hoto sam, rubutu ne kawai, Kitson Asibiti. Baƙi kan tsaya su karanta, wasu har su leƙa su tambaya ko na masu jego ne. Mai shagon, Eunice Kazah, wadda unguwa ke kira Maman Debby, ba ta gajiya da amsawa. Yo ina za ta gaji, matar da tambaya ce abincinta?

A wani ƙauye kusa da Zonkwa aka haife ta. Da gemun masara ta fara koyon kitso, a gonar babanta, har ta sha duka a kan ɓata amfanin gona. Tun tana ƙarama bakinta ba ya rufuwa. An taɓa koro ta daga makarantar Lahadi saboda ta nace sai an gaya mata wa ke yi wa Hawwa'u kitso, tunda babu wata mace a duniya a lokacin. Da ta zama budurwa ta zo Kaduna wurin ƙanwar mamanta a Kakuri, zamanin da masaƙu ke aiki, jiniya na kaɗawa da safe, mutane na kwarara kamar an buɗe famfo. A nan ta haɗu da Wilfred, ma'aikacin masaƙa, dogo, mai gogaggiyar riga, wanda in ya yi maka magana uku a yini to ya yi surutu. Aka yi aure, aka haifi yara, masaƙa ta rufe. Wilfred ya yi gadi, ya yi leburanci, daga baya ya samu Keke Napep yana jigila tsakanin Kamazou da Sabo. Bai taɓa kuka da halin da ya shiga ba, amma tun daga lokacin abu ɗaya ne ba ya iya haɗiyewa, ya yi magana a yi kamar ba a ji ba. Ya sha wannan a ƙofofin ofisoshi har ya ƙoshi.

Ita kuwa Eunice kai ya riƙe ta. Ta san kawuna kamar yadda mai tuwo ta san tukwanenta. Akwai kai mai kwari a tsakiya, akwai mai ƙeya kamar an ɗora, akwai wanda da mataji ya taɓa shi mai shi za ta fara gyangyaɗi, akwai kuma na masu raki, tun ba a ja ba sun fara kiran Yesu. Sai dai duk tambayarta, ba ta taɓa tsayawa ta tambayi abin da ke ƙarƙashin ƙashin ba. A wurinta ƙwaƙwalwa ita ce wannan farin abin da ake samu a farfesun kan saniya, ba ta ma cika son sa ba.

Autarsu Debby tana shekara goma sha ɗaya abin ya fara. Eunice ce ta fara lura, kuma a hannunta ta ji shi kafin ta gani. Debby cikin masu raki take, kullum ana kitso tana noƙe wuya. Ran nan tana tsakiyar ba da labarin wata 'yar ajinsu sai maganar ta yanke, wuyan ya daina gardama. Eunice ta leƙo fuskarta. Ido a buɗe, yana kallon bango, fatar idon na ɗan rawa. Kafin a shanye kofin ruwa yarinya ta ɗora labarinta daidai inda ta tsaya.

“Ina kika je?” in ji Eunice.

“Ina fa, Mama? Ga ni nan.”

Abu kamar wasa ya yi ta ƙaruwa. A ba ta kwano ta tsaya da shi a tsakar gida. A makaranta malama ta aiko cewa Debby ta koma mai mafarkin rana, ana karatu tana kallon taga, sakamakonta ya zube. Wata ranar Asabar Wilfred ya dawo a gajiye, ya ce ta kawo masa ruwa. Tana tsaye a gabansa, idonta cikin nasa, ko motsi. Ya sake faɗa. Ya ƙara. Sannan ya zare bel. Yarinya na kuka tana rantsuwa ba ta ji ba, shi kuwa rantsuwar ce ta ƙara tunzura shi, ga raini ga ƙarya. Ba sau ɗaya aka yi haka ba. Debby ta koma in ta ji ƙarar kekensa a waje sai ta shige ɗaki.

Ana cikin haka yayar Wilfred, Anti Abigail, ta zo biki daga ƙauye. Ita ta raine shi bayan rasuwar mamansu, ita ta sayar da akuyoyinta ya yi makaranta, don haka maganarta a gidan ba ta faɗuwa ƙasa. Kwana biyu ta yi tana kallon Debby, a na uku ta yanke hukunci. Ba raini ba ne, in ji ta, kiran ta ake yi. Wani ya ba ta abu ta ci, mayu sun sa ta cikin ƙungiya, duk lokacin da idon nan ya tsaya to tana wurin taronsu. Maganin kuwa ɗaya ne, a kai ta dutsen addu'a can ƙauye, ta yi azumi, ta zauna har sai ta furta. Makaranta ta jira.

Eunice ta taɓa ganin yaran da suka dawo daga irin wuraren nan, a rame, an aske musu kai, suna kallon ƙasa, kuma sunan da aka liƙa musu ba ya fita ko sun yi furfura. Ta yi magana, ta yi kuka, ta yi fushi. Wilfred ya ce shi ba zai iya kallon idon Anti ya ce a'a ba. Aka tsayar da magana, da an ba da hutun Ista Anti Abigail za ta dawo ta tafi da yarinya.

Allah da ikonsa, cikin masu zuwa kitso akwai wata nas, Sista Edith. Tana zaune ana yi mata shuku, Debby na gefe tana cin gyaɗa, sai hannun yarinya ya tsaya a hanya tsakanin leda da baki. Sista Edith ta tafa a gaban fuskarta. Shiru. Da Debby ta dawo ta ci gaba da cin gyaɗarta, sai nas ɗin ta ce, “Maman Debby, kai yarinyar nan asibitin ƙwaƙwalwa.”

“Na mahaukata? Allah ya kiyaye! 'Yata lafiyarta ƙalau.”

“Ke dai kin cika abin haushi. Mai ciwon kai ma can yake zuwa. Ki kai ta, na ce.”

Ta kai ta. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta yi tambayoyi har Eunice ta ji an fi ta, sannan ta ce sai an yi wani gwaji da na'ura. Aka ba su rana, aka ja kunne: a wanke kan yarinya tas, kada a sa mai. Wilfred da ya ji ya ɗaga kafaɗa. Ta gwada, in ji shi, amma in Ista ta zo ba wani labari, magana tana nan yadda take.

To, a nan Eunice ta tafka ta. Ta wanke kan dai, har sau biyu. Amma da ta zauna ta dubi gashin nan a bushe, a tsaye, kamar na wadda ba ta da uwa, sai zuciyarta ta ƙi. 'Yar mai kitso guda ta ratsa Sabo da kai haka? A shiga gaban likitoci? Me za a ce da ita? Ai ko masu asibiti sun san gashi ba ya kitsuwa ba mai, abin da suke nufi kada a cika. Ta lakato man kaɗanya kaɗan. Kaɗan ɗin mai kitso kuwa kowa ya san shi. Ta bi kowace tsaga ta mulke, ta zauna ta yarfa wa Debby ƙananan kalaba da ƙarin gashi har gadon baya, ta jera duwatsu a bakin. Da suka fito da safe maƙwabta sai yabawa suke yi.

Mai na'urar wani mutumin Tudun Wada ne, Malam Zakariyya'u, gajere, mai furfura a gemu, tabarau a kan karan hanci. Ya dubi kan Debby ta sama da tabarau, ya dube shi ta ƙasa, ya dangwala yatsa a tsaga ɗaya ya duba yatsan yana ƙyalli.

“Ikon Allah,” ya ce. “Madam, biki za ku daga nan?”

Duk da haka ya gwada. Ya ɗauko wasu ƙananan maɓallan ƙarfe, kowane da siririyar wayarsa, yana lakata musu wani farin kwaɓi yana mannawa a fatar kai. Ya manna wannan, wancan ya zame. Inda yake son sawa kitso ya bi ta kai, inda tsaga take kuma santsi. Eunice na tsaye, kunya ta ishe ta, amma ba ta kai ta hana bakinta ba.

“Malam, wuta za ka sa mata a kai?”

“Ni ba na ba da wuta, Madam, saurara nake yi. Wutar tana ciki tun kafin ki haife ta.”

“Wuta? A cikin kai?”

Da ma Malam Zakariyya'u ya daɗe yana aikin nan ba wanda ya taɓa tambayarsa komai sai ko da zafi da kuma yaushe za a gama. Ya ajiye wayoyin ya gyara zama. Ya ce ƙwaƙwalwa cike take da wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, yawansu ya wuce lissafi, kowace ta miƙa zaruruwa zuwa ga maƙwabtanta. In ɗaya za ta yi magana, gishirin da ke cikin ruwan jiki ne ke kutsawa cikinta, wani ya fito, wannan shiga da fitar ke haifar da ɗan ƙyas na lantarki. Ƙyas ɗin ya bi zare a guje, in ya kai ƙarshe sai a fesa wa ta gaba wani sinadari. Wani sinadarin cewa yake tashi, wani kuma cewa yake zauna. Ɗaga hannu, jin zafin mataji, gane muryar uwa a cikin kasuwa, duk da haka ake yin su.

“Gishiri dai? Na miya?”

“Har da shi.”

“To me ya sa ba ta taɓa ja na ba? Shekara nawa ina taɓa kawunan mutane da jiƙaƙƙen hannu!”

Ya yi dariya har tabarau ya zame. Ya ce ai 'yar mitsitsiya ce, kafin ta ratso ƙashi da fata ta zama raɗa. Na'urar nan kunne ce kawai, maɓallan su ne bakin kunnen. “Ke kuma kin zo kin toshe min shi da man kaɗanya.”

Dariyar ba ta daɗe ba, don da ya duba layin masu jira, ranar da ta rage sai bayan Ista. Eunice ba ta yi niyya ba, amma sai ga shi ta zayyane masa komai, Anti Abigail, dutsen addu'a, hutun da ke tafe. Malam Zakariyya'u ya shafa gemu. Ya ce shi ma a unguwarsu in yaro ya yi haka cewa ake aljanu ne, ya ga waɗanda aka sha turara wa hayaƙi kafin a kawo su. Ya ce su dawo Alhamis ta sama, in ya sallami mutumin ƙarshe zai tsaya dominsu. Amma a tsefe kan, a wanke da sabulun wanki, ko ƙamshin mai kada ya ji.

Har sun kai ƙofa ya ƙara da mita, kamar mai magana da kansa, cewa tsefaffen ma wata wahalar ce. Gashinmu in ya cika turo maɓallan yake yi sama, ya manna ya juya ya tarar sun ɗago, wani lokaci sai ya roƙi mata a ɗan aske wurin, su kuwa su ce gara ciwon.

Eunice ta dawo da baya. “A ko'ina kake mannawa, ko suna da wurinsu?”

Suna da wurinsu mana. Ya ɗauko tef irin na tela ya nuna mata a kan Debby. Daga karan hanci zuwa ƙashin ƙeya, daga kunne zuwa kunne, a raba, a sake rabawa, kowane maɓalli da mazauninsa, na dama daidai da na hagu, don kowane sashe na ƙwaƙwalwa da aikinsa. Gani a baya yake, in ji shi, can wajen ƙeya. Eunice ta ce wannan kuma ba za ta yarda ba, ido na gaba a ce gani na baya? Ya ce to ta je ta yi ƙara. Ita dai idonta na kan yatsansa, tana bin inda yake dangwalawa, kuma abin da take gani layuka ne. Duk wanda ya yi shekaru yana raba kai da tsinke ba ya ganin ɗigo biyu bai ja tsaga a tsakaninsu ba.

“In ka sa min alama,” ta ce, “zan kwantar da gashin in bar maka hanya.”

Ya ce bai taɓa gwadawa ba, amma ba abin da za a rasa.

Kwanakin da suka biyo baya masu zuwa shago sun ga ta kansu. Eunice ta ja gashin mace, mace ta ce wash, sai ta tsaya da tsinke a hannu tana mamakin saurin saƙon. Ta mintsini babban yatsan ƙafarta ta zauna tana tunanin tafiyar da abin ya yi kafin ya iso sama. Ta gaya wa wata matar soja cewa akwai lantarki a kanta, matar ta ce to don Allah a ja mata shi zuwa firij, kwana uku ba su ga wuta ba. Ko gishiri za ta zuba a miya sai ta ɗan tsaya ta dube shi. A ƙarƙashin duk wannan kuwa tsoro ne fal cikinta. In na'urar ta saurara ba ta ji komai ba fa? Ranar Laraba Anti Abigail ta bugo waya ta ce a haɗa wa yarinya kaya, kada a sa masu kyau.

Ranar Alhamis Wilfred ya kawo su a kekensa, Debby da ɗankwali a kan tsefaffen gashi. A bakin asibiti ya ce su shiga, shi zai ɗan zaga ya samu fasinja. Eunice ta miƙa hannu ta zare makullin ta ɗaure a bakin zaninta.

“Baban Debby, yau ɗaya dai. In za ka ba da 'yarka, ka ba da ita da idonka a buɗe.”

Ya dube ta, ya dubi mutanen da ke wucewa, ya biyo su ba don ya so ba.

Malam Zakariyya'u ya auna kan da tef, yana buɗa gashi yana ɗiga jan fensir a fata. Eunice ta zaunar da Debby a benci a baranda, ta tsaya a bayanta. Kitso ba mai azaba ne, gashi na ƙara a hannu, yarinya na noƙewa, ita kanta ji take kamar tana cin tuwo ba miya. Layin farko ta kauce, ta rufe ɗigo biyu, Malam ya ce a'a, ta tsefe ta sake. A hankali abin ya fito, manyan kitso kwantattu daga goshi zuwa ƙeya, tsaga mai faɗi tsakaninsu, jajayen ɗigon nan a jere a fili. A idonta ba ta taɓa yin mummunan kitso irinsa ba. Masu shara biyu da wata nas suka tsaya kallo. Malam Zakariyya'u ya manna maɓalli na farko ya saki hannu, ya zauna daram. Ya manna na biyu. “Kai, Madam,” ya ce, “ina kike tun shekarun nan?” Daga nan Kitson Asibiti ya samo asali.

Aka kwantar da Debby a gado, wayoyi sun fito daga kanta sun taru a wani ɗan akwati. A fuskar kwamfuta layuka suka fara tafiya, da yawa, ɗaya bisa ɗaya, kowane na 'yar rawarsa. Eunice ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Wannan 'yarta ce? Malam ya ce Debby ta rufe ido, sai wasu layukan suka canza taki, suka koma hawa da sauka a natse. Ya nuna su da biro ya ce na ƙeya ne. Ta buɗe ido, suka watse. Eunice ta kama baki. Ashe da gaske ganin a baya yake! Ya ce yarinya ta cije haƙora, layuka suka yi baƙi ƙirin, ya ce wannan ba ƙwaƙwalwa ba ce, naman muƙamuƙi ne ke ihu. Wilfred na tsaye jikin ƙofa, hannu a ƙirji, fuska ba annuri.

Sai Malam ya miƙa wa Debby 'yar fankar takarda irin ta wasan yara, ya ce ta yi ta hurawa, da ƙarfi, kada ta tsaya. Ta hura, fanka na juyawa. Ta hura har ta fara gajiya. Eunice na addu'a a zuci, ita kanta ba ta san me take roƙo ba, abin ya zo ko kada ya zo.

Fankar ta tsaya. Idon Debby ya kafe a silin. A fuskar kwamfuta kuwa layukan nan duka, na gaba da na baya, na dama da na hagu, suka miƙe lokaci guda, dogaye, suna hawa suna sauka tare kamar an ba su umarni.

“Debby,” in ji Malam Zakariyya'u da ƙarfi, “jan zakara!”

Ko gezau. Jim kaɗan layuka suka zube suka koma 'yar rawarsu, yarinya ta ƙifta ido ta ci gaba da hura fanka. Malam ya tambaye ta me ya ce mata yanzu. Ta ce ya ce ta hura.

Ya leƙa waje ya sa a kira likita. Kafin ta iso Eunice ta riga ta rufe shi da tambaya. Ya ce karatun na likita ne, shi ɗauka kawai yake yi, amma abin da ta gani shi ne ƙwayoyin nan da kowace ke maganarta sun koma faɗin abu ɗaya gaba ɗaya. Eunice ta ce ta gane. Kamar ranar zumuntar mata ne a coci, kafin a fara kowa na hirarta, kana iya kiran wata ta juyo. Da an buga tulun kiɗa an ɗauki waƙa kuwa, ko ihu kake ba mai jin ka. Malam ya ce shi bai taɓa shiga ba, amma yana jiyo su daga titi, kuma haka ne.

Likita ta zo ta mayar da layukan baya ta duba. Ta ce wani nau'in farfaɗiya ne. Wilfred ya ɗago kai a firgice, ya ce ai ba ta taɓa faɗuwa ba, ba ta kumfa. Likita ta ce ba kowace ke kayarwa ba, wannan ɗauke mutum take yi na ɗan lokaci ta dawo da shi. Ba a ɗauka a wurin wani, ba kuma wanda ya ba ta a abinci. Akwai magani, yawancin yara suna samun sauƙi sosai, da yawa ma rabuwa suke da ita in sun girma. Makaranta kuwa ta ci gaba da zuwa, a dai gaya wa malamai, a kuma kula da ita wajen wuta da ruwa da tsallaka titi.

Wilfred ya matso daga jikin ƙofa. Muryarsa ta yi ƙasa. “Likita, in tana cikin abin nan, tana ji?”

“Ba ta ji. Ba ta ma san an yi ba.”

“Ko an kira ta sau uku?”

“Ko sau goma.”

Wilfred ya juya fuska ga bango. Eunice ta kawar da kai, don ta san mijinta ba ya son a gan shi haka.

Likita ta ce a ƙara ɗauka sau ɗaya in zai samu. Malam Zakariyya'u ya ce wannan karon babanta ya yi maganar, muryar da ta sani, kowace kalma ya ga dama, daga baya a tambaye ta. Aka bar Debby ta huta, sannan ta sake ɗaukar fanka. Wilfred ya tsaya a gefen gadon, manyan hannayensa sun rasa wurin zama. Fanka na juyawa, tana juyawa, sai ta tsaya. Layuka suka miƙe.

“Yanzu,” in ji Malam.

Wilfred ya sunkuya. “Debby,” ya ce, “ki yafe mini.”

Malam Zakariyya'u ya kafa ido a kan kwamfutarsa kamar bai ji ba. Layuka suka sauka, yarinya ta ƙifta ido, ta ga babanta a kanta har ta ɗan ja jiki.

“Me babanki ya ce?” Malam ya tambaya a hankali.

“Bai ce komai ba.”

Eunice ta share ido da bakin zani, makullin keke na kaɗawa a jiki. Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta bar shi ba.

“To, Baban Debby,” ta ce, “sai ka maimaita.”

Sannan dogon mutumin nan ya durƙusa a kan simintin asibiti, a gaban matarsa da likita da baƙon namiji, ya kama ƙafar 'yarsa ya sake faɗa, wannan karon har da abin da ya yi da bel. Debby ta dube shi ta ƙarƙashin wayoyi, ta dubi mamanta.

“Baba, zan tafi wurin Anti Abigail?”

“Ba inda za ki. Ni zan gaya mata da bakina.”

Sai a lokacin yarinyar ta fashe da kuka, layukan kwamfuta suka hargitse gaba ɗaya. Malam Zakariyya'u ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya ce ai shi ke nan sun ɓata masa aiki, amma ba komai, abin da ya ɗauka ya isa.